Dubai ko Sharja: ina mai ƙaura zai kama haya?

Ƙanina ya kira ni daga Kano wani dare, tun kafin mu gama gaisawa na ji murna a muryarsa. Wani kamfanin kago da ke unguwar Deira ta Dubai ya ɗauke shi aiki, takardunsa sun fito, kuma niyyarsa in ya yi wata shida ya ɗauko matarsa da yaransu biyu. Sai ya ce, "Yaya, kai da ka zauna a can, a Dubai zan kama gida ko a Sharja? Duk wanda na tambaya da irin tasa amsar." Na ce masa, "Kafin in ce komai, gaya mini a wace unguwa ofishinku yake, ƙarfe nawa ake so ka iso, sannan nawa ne zai kasance a hannunka ranar da za ka sa hannu a takardar haya." Ya yi shiru, domin a cikin ukun guda ɗaya kawai ya sani. Mun kai kusan awa biyu ina warware masa zancen, kuma na san ba shi kaɗai ne ke da wannan tambayar ba.

Ya san Dubai, amma sanin ɗan sari. Sau biyu ya je, ya sauka a otal a Naif, ya zaga Kasuwar Zinare da shagunan Murshid Bazar, ya tsaya a gindin Burj Khalifa aka ɗauke shi hoto, cikin mako guda ya koma gida. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Baƙon kwana bakwai ba ya ganin takardar wutar watan Agusta, ba ya zuwa ofishin makaranta a karanto masa kuɗin zango, kuma bai taɓa zama a mota tun duku-duku yana kallon jajayen fitilun motocin gabansa sun ƙi motsi ba.

Tsadar Dubai tana da tushe, kuma sanin tushen yana taimakon mai zaɓe. A 2024 baƙi miliyan 18.72 ne daga ƙasashen waje suka kwana a garin, alhali mazaunansa a ƙarshen wannan shekarar ba su cika miliyan 4 ba. Su ma mazaunan ƙaruwa suke yi da sauri: a ƙarshen 2020 sun ɗan haura miliyan 3.4, bayan shekara huɗu sun wuce miliyan 3.8. Mai gida a Marina ko Downtown ko Palm Jumeirah yana da hanya biyu, ko ya ba ka hayar shekara, ko ya karɓi lasisi ya riƙa saukar da masu yawon buɗe ido kwana-kwana. Da mutumin da ya zo kashe kuɗin hutunsa ke nan kake gogayya a kan ɗaki ɗaya. Wanda waɗannan unguwanni suka fi ƙarfinsa sai ya gangara Barsha ko Karama, na Karama ya matsa Al Qusais, na Al Qusais kuma ya tsallaka iyaka ya shiga Sharja. Tun 2021 haka abin yake gudana. Wanda kuma ke kawo jarinsa daga gida yana da ƙarin nauyi a ka: tun 1997 aka ɗaure dirhami da dalar Amurka, dirhami 3.67 a kan dala ɗaya, saboda haka duk sanda naira ta faɗi hayarsa ta tashi, ko da mai gida bai ƙara masa ko sisi ba.

Kafin a kai ga bambanci, akwai abin da garuruwan biyu suka yi tarayya a kai, wato iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Dukansu masarautu ne a cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma wanda aka ba iƙamar Dubai babu dokar da ta hana shi kwana a Sharja. Amma wanda ya shiga da bizar ziyara da fatan zai tsinci aiki a can, wannan tambayar ba tasa ba ce tukuna. Yin aiki da bizar ziyara laifi ne, wanda ya zarce wa'adinsa kuma ana ƙirga masa tarar dirhami 50 kowace rana. Mai son ɗauko iyali sai albashinsa ya kai dirhami 4,000 a wata, ko 3,000 in kamfani ne ya ba shi masauki, kuma sai ya nuna yarjejeniyar haya mai rajista. Mu 'yan Najeriya mun ga yadda ƙofa ke rufuwa dare ɗaya: a Oktoban 2022 aka daina ba mu biza, jiragen Emirates suka daina zuwa, ba a sake buɗe bizar ba sai a Yulin 2024, jirgin kuma sai ranar 1 ga Oktoba na shekarar ya koma Legas. Akwai magidantan da suna can suna aiki, iyalinsu suna gida, kusan shekara biyu babu halin ɗauko su. Zaman ƙasar nan, ko a wane gari, zaman aro ne. Ɗan da aka haifa maka a can ba ya zama ɗan ƙasa, kuma ranar da aikinka ya ƙare, iƙamarka da ta iyalinka sun kama hanyar ƙarewa.

To, haya. Biyan kuɗin shekara ba baƙon abu ba ne ga mutumin Kano. Abin da zai zo masa sabo shi ne caki. Ana yanka kuɗin shekara, ka rubuta wa mai gida caki ɗaya, ko biyu, ko huɗu, wani lokaci shida, kowanne da ranar da za a kai shi banki, ka miƙa su gaba ɗaya tun ranar farko. Mai iya biya da caki ɗaya shi ake yi wa ragi, mai ƙaramin ƙarfi da ya nemi a raba masa shida shi ke saye da tsada. Tun Janairun 2022 an sassauta hukuncin cakin da ya dawo babu kuɗi, amma har gobe mai gida yana iya kai shi kotu a zartar da shi a kanka ba tare da doguwar shari'a ba. A nan Dubai da Sharja duk ɗaya ne.

Mu ɗauki misali, don lissafi kawai. A ce ciki da falo a Dubai dirhami 60,000 a shekara, caki huɗu. Cakin farko 15,000. Kuɗin ajiya saboda ɓarna kashi 5 cikin 100, wato 3,000; in gidan da kayan ɗaki ne ya koma kashi 10. La'adar dillali ita ma kashi 5, wata 3,000 ɗin. Hukumar wuta da ruwa ta DEWA za ta riƙe maka 2,000 kafin ta jona maka wuta. Sai rajistar yarjejeniyar a tsarin Ejari, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma in babu ita babu wuta, babu ɗauko iyali. Dirhami 23,000 da 'yan kai ke nan sun fita, ba ka sayi ko tabarma ba. Bayan wannan akwai kuɗin da yawancin sababbin zuwa ba sa sanin da shi sai sun gan shi a rubuce: harajin gida, kashi 5 cikin 100 na hayar shekara, wanda ake rarrabawa wata goma sha biyu a cikin takardar wuta. A misalinmu 250 ne duk wata. A dogayen benaye da yawa kuma sanyin ɗaki daga wani kamfani daban yake zuwa, da tasa takardar, da nasa kuɗin ajiyar. Tun kafin ka je ganin ɗaki ka tambayi dillali: sanyi yana cikin haya, ko a kaina yake? A ƙasar da zafi ke haura digiri 45 a Yuli da Agusta, amsar wannan tambayar kaɗai tana iya cinye duk ragin da ka yi murnar samu.

A Sharja gida irin wannan ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ɗakunan sun fi faɗi. Kuɗin da zai kama maka ɗaki guda haɗe da kicin a tsakiyar Dubai yakan kama ciki da falo a Al Nahda ko Al Taawun ko Al Majaz, wani lokaci har ciki biyu a tsofaffin benayen Abu Shagara. Maimakon harajin wata-wata, hukumar birni tana karɓar kashi 4 cikin 100 na hayar shekara a dunƙule, lokacin da za ta buga wa yarjejeniya hatimi. A kan hayar 40,000, dirhami 1,600 ke nan, kuma duk sabuntawa sai an sake biya. Wuta da ruwa da gas a hannun hukuma ɗaya suke, SEWA. Inda ake yawan cizon yatsa shi ne wurin ajiye mota. Benaye da yawa daban suke ba da hayarsa, wasu ma ba su da shi sam, sai mutum ya dawo a gajiye da dare ya kama zagayen unguwa yana neman gurbi.

Akwai wata fa'idar Sharja da ba a cika faɗa ba, ni kuwa a wurina ta fi arahar kanta nauyi. Doka ta hana mai gida ƙara haya har sai ka shekara uku da shiga, in an yi ƙarin kuma sai an sake shekara biyu. A Dubai duk shekara ana iya taɓa ka. Akwai ma'auni na hukuma da ke nuna matsakaicin farashin gida irin naka: in hayarka ba ta gaza shi da fiye da kashi 10 ba, babu ƙari, in ta gaza da kashi 11 zuwa 20 ana iya ƙara kashi 5, haka ake hawa, 10, 15, har zuwa kashi 20 ga wanda hayarsa ta yi ƙasa da ma'aunin da fiye da kashi 40. Dole ne a sanar da kai saura kwana 90. Tsari ne mai adalci daidai gwargwado, kuma yana kare ɗan haya daga zalunci tsirara, sai dai a shekarun da farashin gari ke tashi, ma'aunin ma tashi yake yi. Magidancin da albashinsa ke tsaye wuri ɗaya, ya san abin da zai biya shekara uku a jere, ya samu natsuwar da zai tsara kuɗin makaranta da abin da zai aika wa iyaye a gida.

Wannan arahar duka akwai abin da ake biyanta da shi, wato lokaci, kuma a nan ne na fi daɗewa da ƙanina. Sama da mutum miliyan ɗaya ne ke shiga Dubai da rana su fita da dare, kaso mai tsoka daga Sharja da Ajman, masarautar da ke gaba da Sharja. Manyan hanyoyi uku suke bi: Al Ittihad, wadda ke faɗawa kai tsaye cikin Deira, sai titin Sheikh Mohammed bin Zayed, sai titin Emirates can bayan gari. Tafiyar da za ka yi cikin minti ashirin da tsakar dare, da safiyar Litinin awa guda take ci, ranar da aka yi haɗari kuwa awa biyu. Na yi wannan kai-kawon fiye da shekara. Ana sallame Asuba nake fita, domin jinkirin minti goma sha biyar yana iya zama ƙarin minti arba'in a hanya. Na yamma ya fi ciwo: ga gajiya, ga magariba tana riskar mutum a kan kwalta. Na sha ratsewa gidan mai in yi salla a ɗan masallacinsu, in koma layi. Yarana suna barci nake fita, suna hamma nake dawowa, kuma har yau ina jin zafin wannan shekarar a raina. Ka ƙirga: awa uku a rana, kwanakin aiki 22, awa 66 ke nan a wata, fiye da kwana takwas na aiki da ba wanda zai biya ka.

Hanyar tana cin kuɗi ma. Akwai shingen karɓar kuɗi na Salik a Al Mamzar a kan titin Al Ittihad. Tun ƙarshen Janairun 2025 ana cirar dirhami 6 daga ƙarfe 6 zuwa 10 na safe da kuma ƙarfe 4 na yamma zuwa 8 na dare, sauran lokuta dirhami 4, tsakanin ƙarfe 1 na dare da 6 na safe kuma kyauta. Shinge ɗaya, zuwa da dawowa, kwana 22, dirhami 264 ke nan a wata. Wanda aikinsa ke can kudu zai ratsa shinge biyu ko uku. Ga mai, ga inshorar mota, ga kuɗin ajiye ta a wurin aiki. Lasisin tuƙi na Najeriya kuma ba a musanya shi da na can. Galibi sai ka shiga makarantar tuƙi, abin da ke cin dubban dirhami da watanni, kuma ba kowa ke cin jarrabawar a zaman farko ba.

Mara mota a Dubai bai rasa komai ba in gidansa na kusa da tashar jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka buɗe ranar 9 ga Satumban 2009. Da katin Nol ɗaya zai hau jirgi, ya hau bas, cikin sanyi, a kan lokaci. Wannan jirgin bai shiga Sharja ba. Mara mota a can sai bas daga tashar Al Jubail zuwa tashar Union ko ta Al Ghubaiba a Dubai, kuma bas ɗin a cikin cunkoson da kowa yake ita ma take. Akwai jirgin ruwa na fito tsakanin Sharja da Al Ghubaiba, tafiyar kimanin minti 35, mai daɗi ƙwarai, amma sai wanda gidansa da aikinsa suka dace da bakin ruwa. Tasi kuwa ana ɗora mata dirhami 20 don tsallaka iyaka kawai.

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki Dubai kamar wuri guda. Gari ne dogo, shimfiɗe a gefen teku. Deira da Al Qusais da babban filin jirgin sama suna manne da Sharja. Unguwar Al Nahda ma rabinta na nan rabinta na can, har akwai masu takawa da ƙafa su tsallaka su hau bas ɗin Dubai zuwa tashar jirgi. Jebel Ali kuwa ta haura kilomita 50 daga nan. Mutum biyu za su ce maka suna zaune a Sharja suna aiki a Dubai, ɗaya minti talatin yake yi, ɗaya awa biyu. Shi ya sa tambayata ta farko ga ƙanina ita ce unguwar ofishinsu.

Sai batun iyali, wanda ba a auna shi da dirhami. Ta fuskar ibada duk garuruwan biyu babu wahala: masallaci a kowace unguwa, kiran salla har a cikin manyan kantuna, nama halal ba sai ka bincika ba. Bambancin yana cikin abin da ido ke gani. Dubai gari ne da ke sayar wa baƙi abin da suka zo nema, saboda haka akwai mashaya a otal-otal, akwai gidajen rawa, akwai shigar bakin teku da takan biyo mutane har cikin jirgin ƙasa. Wasu layukan Deira da ka sani da rana a matsayin kasuwa, da dare wani abu ne daban, kuma ba zan so in ratsa su da 'yata ba. Sharja ta haramta giya gaba ɗaya, babu gidajen shisha, kuma tun 2001 tana da ƙa'idojin sutura da kamun kai a bainar jama'a. Sarkinta, Sheikh Sultan bin Muhammad Al Qasimi, wanda ke kan mulki tun 1972, mutum ne mai son ilimi, kuma ana ganin haka a garin: baje kolin littattafai na duniya da ake yi duk shekara tun 1982, gidan tarihin wayewar Musulunci, Jami'ar Al Qasimia mai ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen Musulmi, da babban masallacin da aka buɗe a 2019, shekarar da UNESCO ta naɗa garin babban birnin littafi na duniya. Matar da ta taso a Kano ko Zariya ko Damagaram za ta fi saurin sakewa a nan. Da yamma iyalai suna shimfiɗa a bakin tafkin Khalid da abincinsu na gida, yara suna guje-guje, ba a kashe ko dirhami ɗaya ba.

Dubai ma tana da lambuna da bakin teku na kowa da kowa, ban ce babu ba. Sai dai garin an gina shi ne don hannu ya riƙa shiga aljihu, kuma mazauni yana rayuwa ne a tsakiyar mutanen da suke hutu. Kullum kana ganin masu kashe kuɗin da suka tara shekara guda cikin kwana biyar, yaranka ma suna gani. Na san magidanta masu albashi mai kyau da katin bashi na banki ya durƙusar, ba don wata masifa ta faɗa musu ba, sai don fita cin abinci da sayayyar ƙarshen mako da suka zame musu jiki a hankali. Babu harajin albashi a ƙasar, gaskiya ne, amma akwai harajin kashi 5 cikin 100 a kan sayayya tun 2018, kuma abin da gwamnati ba ta cira ba, gari yana da hanyoyin karɓarsa.

Makaranta ita ce babban kashi na biyu bayan haya. Ɗan baƙo kusan dole makarantar kuɗi zai shiga, kuma a dunƙule na Sharja sun fi sauƙi. Hukumar KHDA a Dubai da SPEA a Sharja suna duba makarantu suna fitar da matsayin kowacce, ka karanta kafin ka biya. Shawarata ɗaya ce a nan, kuma da ƙarfi nake ba da ita: garin da yaro yake kwana, a nan zai yi makaranta. Ban ga dalilin da zai sa a tashi ɗan shekara shida tun kafin Asuba a sa shi a bas ya bi cunkoson da manya ke kuka da shi ba. A sani kuma tun Janairun 2022 ma'aikatun gwamnati da makarantun Sharja kwana huɗu suke yi, Litinin zuwa Alhamis, Juma'a hutu ce cikakkiya, alhali a Dubai ana aiki da karatu da safiyar Juma'a. Inshorar lafiya ta ma'aikaci a kan kamfani take. Ta mata da yara, in kamfani bai ɗauka ba, a kanka take, kuma haihuwa ba tare da inshora mai kyau ba tana iya tafiya da albashin watanni.

Gwauro lissafinsa daban ne. Sharja ba ta son gwagware a unguwannin iyali, har takan yanke wuta ta fitar da su. A Dubai kuma abin da ƙaramin albashi ke iya kamawa shi ne gurbin gado a ɗakin mutum shida ko takwas, ko patishan, wato falon da aka gitta da katako aka mai da shi ƙananan akurki. Yawancinsu ba bisa ƙa'ida suke ba. A watan Afrilun 2023, cikin azumi, gobara ta tashi a wani bene a Al Ras cikin Deira, mutum 16 suka rasu, hukuma kuma ta danganta abin da rashin bin ƙa'idojin tsaro na gini. A tsakiyar 2025 hukumar birnin Dubai ta bi unguwanni irin su Al Rigga da Satwa tana rushe patishan, mutane da yawa suka wayi gari babu wurin kwana. Duk wanda zai kama irin wannan wuri, ya dubi matakalar fita kafin ya dubi katifa, kuma kada ya biya fiye da wata guda gaba.

Ɗan kasuwa kuma hajarsa ce za ta zaɓa masa. Mai harkar atamfa, turare, waya, gwal da kago, rayuwarsa a Deira take, baƙinsa daga gida a otal-otal ɗin Naif suke sauka, kuma sukan neme shi ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Mai harkar motocin hannu da kayan gyaransu, Sharja ce gidansa, da kasuwar Haraj da unguwannin masana'antu. Cefane bai kamata ya shiga lissafi sosai ba: kasuwar Al Jubail a Sharja da Waterfront a Deira duk ana samun kifi da nama da kayan miya a farashin mazauna, shagunan Indiyawa suna da garin gero da tsamiya da kuɓewa, kuka da daddawa kuma sai dai a riƙa ba matafiya saƙo. Abu ɗaya da zan ƙara: ruwan saman 16 ga Afrilun 2024, wanda ba a ga irinsa ba cikin shekara 75, ya jiƙa garuruwan biyu, amma a wasu unguwannin Sharja ruwa ya kwana da kwanaki a tituna, lif ya tsaya, mutane suna hawa bene ashirin da ƙafa. Ka tambayi maƙwabta yadda ginin ya kwashe a wancan makon.

Ga abin da na ce wa ƙanina. Tunda aikinsa a Deira yake, albashinsa matsakaici, kuma da mata da yara biyu, Sharja ce tasa, amma bakin iyaka, Al Nahda ko Al Taawun, kada arahar 'yan dubbai ta ja shi can ciki ko Ajman, inda kowace safiya sai ya ratsa Sharja gaba ɗaya kafin ma ya fara layin shiga Dubai. Na kuma ce kada ya rubuta cakin shekara sai ya gama wa'adin gwaji a wurin aiki, wanda doka ta yarda ya kai wata shida, domin fasa haya a tsakiya galibi yana cin kuɗin wata biyu. Kafin nan ya kama ɗaki na wata-wata kusa da aiki.

Da a Jebel Ali ko Al Quoz ko Marina aikin yake, da amsata ta juya gaba ɗaya. Da na ce ya haƙura da faɗin ɗaki ya zauna a Dubai, a unguwannin da masu yawon buɗe ido ba sa zuwa: Discovery Gardens da ke da tashar jirgi, ko International City kusa da Dragon Mart, wadda sabon layin jirgin da aka tsara buɗewa a 2029 zai ratsa. Haka zan ce wa wanda matarsa ma za ta yi aiki a Dubai, domin mutum biyu a cunkoso kuma yara a gida ba tsari ba ne, da wanda bai da lasisin tuƙi kuma gidan da ya samu a Sharja ya yi nisa da iyaka.

Da za mu yi sallama ya ce, "To Yaya, in na samu gidan da ya kwanta mini, ta yaya zan tabbatar?" Na ce ya kwana ɗaya a unguwar, ko a ƙaramin otal ne, ya tashi ya tafi ofis a daidai lokacin da zai riƙa tafiya, ya dawo a daidai lokacin tashi, yana duba agogo. Ya yi gwajin ranar Litinin ko Talata, ba Juma'a ba, kuma ba a Yuli ko Agusta ba, domin a lokacin makarantu suna hutu, iyalai da yawa sun yi tafiya, titi yana sakin jiki, kuma dillalai sun san haka sarai. In ya zama dole a watannin zafi zai kama, na ce ya tsaya a ƙofar ginin ya tambayi mai gadi ƙarfe nawa masu aiki a Dubai suke fitar da motocinsu in an koma makaranta a ƙarshen Agusta.